Waƙa ta Ɗari da Tara

Talata, 4 ga wata, 4:20 na yamma

Baba yana gado na shida, kusa da taga. Yau kwana uku. Ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa, bakin ma ya ɗan karkace. Yana gani, yana ji, yana gane kowa. Magana ce babu. In ya buɗe baki sai iska ta fito, sai ya rufe ya koma kallon fanka.

Likita ya ce jini ne ya toshe wata jijiya a cikin kai. Ya zana mini a bayan wata takarda, na ce na gane.

Nas ce ta ce in riƙa rubuta abin da ya ci da abin da ya faɗa, shi ya sa na sayi littafin nan. Ya sha shayi rabin kofi. Bai ce komai ba.

Kujerar roba da ke gefen gadon ta tsage, tana mintsinin mutum. Na koyi zama a ɓangaren hagu.

Laraba, 5 ga wata, 7:05 na safe

Yaya ya kira daga garin da yake aiki.

"Auta, wai me ya faru ran Asabar? Mama ta ce Baba ya dawo daga coci ko abinci bai taɓa ba."

Na ce koyon waƙa muka yi kamar kullum.

"Shi ke nan?"

Na ce layin ba kyau, sama-sama nake jin sa. Layin lafiyarsa ƙalau.

Alhamis, 6 ga wata, 1:30 na rana

Yau mai koyar da magana ta zo. Gajeruwa ce, da jaka cike da katuna masu hoto: kofi, kaza, agogo. Tun kafin ta fita Mama ta raɗa mata suna Malama Mai Kati. Ta ɗaga wa Baba hoton kaza, ya dube ta, ya dubi kazar, ya sha mur. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koyar da lissafi a sakandare ake tambaya ko ya san kaza.

Ta tambayi abin da yake so a rayuwa. Mama ta ce, "Waƙa. Sai kuma waƙa. Mu muna can ƙasa." Na ce shekara arba'in da ɗaya ya yi yana shugabancin mawaƙan cocinmu, kafin ni na karɓa shekara uku da suka wuce. Sai idon Malama Mai Kati ya buɗe. Ta ce a cikin kai wurin magana daban, wurin waƙa daban, kuma sau da yawa wanda magana ta ƙwace masa yakan iya rera kalmomin waƙar da ta zauna masa a jiki. In kalma ta fito ta nan, za ta iya jawo sauran a hankali.

Ta ce ran 21 za a sallame shi. Ranar za ta rubuta ko a ci gaba da kawo mata shi ko a'a. Masu jira suna da yawa, in ba ta ji ko kalma ɗaya ba, wani za ta ba wurin. Ta faɗa ba tare da ta ɓoye komai ba, na ji daɗin haka.

"Ki rera masa wadda ya fi so," in ji ta. "Kullum. Yadda ya san ta."

Na ce to.

Alhamis, 6:00 na yamma

Yadda ya san ta.

Bari in rubuta, ko ba don nas ba. Tsohon littafin waƙarmu kalmomi ne kawai a ciki, babu alamar kari ko ɗaya. Karin a kunnen mutane yake zaune. Kalmomin suna da nama, ni ban taɓa cewa ba su da shi ba. Karin ne ke jan ƙafa, har yara su fara hamma tun baiti na biyu. Da na karɓi mawaƙa sai na zauna da fiyano da Mai Jita, abokin aikina, muka ɗinka wa tsofaffin kalmomin sabon kari. Mun gama goma sha biyu. Na cire rabon muryoyi huɗu da ake yi a da, na ce kowa ya bi murya ɗaya, jama'a su samu shiga. Suka kuwa shiga. Ran 15 za mu ɗauki duka a situdiyo.

Baba bai taɓa cewa kada in yi ba. Yakan zauna a benci na ƙarshe, littafinsa a rufe a kan cinya. Shekara uku littafin a rufe.

Wadda ya fi so ita ce ta ɗari da tara. Ita na fara canzawa.

Juma'a, 7 ga wata, 3:15 na yamma

Na ja labule na rera masa ta ɗari da tara da tsohon kari, a hankali. "Hanya ta yi nisa, ƙafa ta gaji." Ya juyo da kai. Bai shiga ba. Sai da na kai ƙarshen layi ya yi wani gurnani daga maƙogwaro, ƙasa-ƙasa, ya tsaya, ya sake yi. Na ɗauka wani wuri ke masa ciwo, na kira nas. Ta duba ta ce babu komai.

Shayi kofi ɗaya, ayaba rabi. Bai ce komai ba.

Asabar, 8 ga wata, 5:40 na yamma

Koyon waƙa. Kowa ya zo da wuri, kowa yana "ya jikin Baba" yana kallon ƙasa. Wani ya riga ya naɗe wayar makirufo ya sa a kwali. Ban tambayi wane ne ba. Na yi magana da bakina kawai, na baya ba su ji ni sosai ba, babu wanda ya yi ƙorafi.

Mai Jita ya ce ko mu ɗaga zuwa situdiyo. Na ce don me.

Lahadi, 9 ga wata, 12:50 na rana

Benci na ƙarshe akwai wata baƙuwa da jariri. Mun yi ta ɗari da tara da sabon kari, jama'a har da tafi. Ta yi daɗi. Ba zan yi ƙarya a littafina ba.

Litinin, 10 ga wata, 4:00 na yamma

Na rera. Gurnani. Na rera. Gurnani, a wuri ɗaya da na ran Juma'a. Daga baya ya buga katifa da hannun hagu ya juya fuska bango.

Mama tana shafa masa mai a ƙafa, ta ce, "Ki bar shi ya huta, kin ishe shi."

Na ce Malama Mai Kati ce ta sa ni.

"To ni ban san waƙa ba. Babanku ya ce don haka ya aure ni, a samu mutum ɗaya mai shiru a gidan." Ta yi dariya ita kaɗai, sai ta ci gaba da shafa man har ya fi ƙarfin ƙafar.

Bai ce komai ba.

Talata, 11 ga wata, 6:30 na safe

Saura kwana goma.

Laraba, 12 ga wata, 2:10 na rana

Malama Mai Kati ta saurare ni na rera. Ta ce muryata da kyau. Ta ce gurnanin alama ce yana so, amma so ba kalma ba ne. Ta tambaya ko na tabbata haka ya san waƙar. Na ce a gidanmu aka haife ni, da ita aka yi mini wanka. Ta rubuta wani abu gajere a takardarta.

Mai gado na biyar, wani direba da ya karye a cinya, ya ce shi dai ya kusa haddace ta, in ana neman ƙarin mawaƙi.

Alhamis, 13 ga wata, 5:00 na yamma

Goggo, ƙanwar Baba, ta zo da kwanukan abinci har uku ga mutumin da ba ya cin rabin ɗaya. Ta tsaya a kansa ta yi addu'a mai tsawo. A bakin ƙofa ta kama hannuna.

"Ke Auta. An ce ran Asabar ɗin nan makirufo a kunne yake."

Na ce eh.

"Kin san a kunne yake?"

Na ce ta yi sauri, motar bas ɗinta za ta wuce.

Ban sani ba ko na sani. Na yi ta juya abin. Fitilarsa ja ce, ƙarama, a daidai babban yatsana take. Baba kuma daga bencin ƙarshe ya taso ana cikin koyon waƙa ya zo har gaba, abin da bai yi ba cikin shekara uku, don ya ce mini abu ɗaya a kan baiti na uku. A hankali ya faɗa, ni kaɗai na ji. Amsata mai zafi ce kowa ya ji. Mutum ashirin da shida, har da mai shara.

Ya ci lemo ɓari biyu.

Asabar, 15 ga wata, 6:45 na yamma

Situdiyo tun tara na safe. Ɗaki ne ƙarami, bango duk soso, babu taga, an kashe fanka don kada ta shiga ɗauka. Mun yi gumi kamar masu gini. Mun ɗauki goma sha ɗaya. Da aka zo ta ɗari da tara na ce muryata ta dushe. Mai ɗaukar sauti ya ce shi bai ji dushewa ba. Mai Jita ya ce masa, "Malam, ta ce ta dushe," ya fara naɗe igiyarsa.

Goma sha ɗayan sun yi kyau ƙwarai. Na saurara a mota har sau biyu.

Lahadi, 16 ga wata, 3:00 na yamma

Bai ce komai ba.

Litinin, 17 ga wata, 11:20 na safe

Tambayar Malama Mai Kati ta tsaya mini a wuya. Na fara shakkar ko wani wuri a tsohon karin ya zame mini. Mutum ɗaya na sani da zai tabbatar, Baba Tela, abokin Baba tun suna samari, wanda ya bar mawaƙa a makon da na cire muryoyi huɗu. Tun ranar in na gaishe shi sai ya amsa wa iska.

Na ɗauki uzuri a makarantar da nake aiki na je shagonsa. Yana kan keke, tabarau a ƙarshen hanci, zare a baki. Na durƙusa na gaishe shi.

"A'a, Shugaba da kanta? Yau za a yi ruwa."

Na ce, "Baba Tela, taimako na zo nema."

Bai tsayar da keken ba sai da ya kai ƙarshen ɗinkin. Na faɗa masa komai, da katuna, da ran 21, da gurnanin. Ya ce in rera abin da nake rerawa. Na rera a tsaye, tsakanin atamfofi, wata mai jiran kayanta tana kallona.

"Babu kuskure," ya ce. "Daidai yake."

Na ce to me ya sa ba ya shiga.

"Shiga ina? Wannan ai naku ne, na mata, muryar sama. Yaushe kika taɓa jin ubanki ya rera wannan? Mutumin da tun yana ɗan shekara sha tara bes yake yi, muryar can ƙasa?" Ya cire tabarau. "Gurnanin nan, a ina yake yinsa?"

Na ce a ƙarshen layin farko.

"Bayan bugu nawa?"

Na ƙirga da yatsa a kan teburinsa. Huɗu.

"Huɗu. A ta ɗari da tara bes ba ya farawa da kowa. Yana jira bugu huɗu, teno ya miƙa masa, sannan ya amsa daga ƙasa. Ba gurnani yake ba, 'yar nan. Shiga yake yi, yana tarar babu kowa a wurin. Kin tsaya ke kaɗai a sama, babu alto, babu teno, a kan me zai ɗora ƙafa?"

Mai jiran kaya ta ce, "Ikon Allah."

Kwana goma ina kiran nas saboda mahaifina yana rera bes. Ni da ake kira Shugaba.

Baba Tela ya mayar da tabarau ya ce, "Abin da kika faɗa masa ran nan ya zo mini har nan shagon."

Na ce na sani.

"To." Ya ja wani yadi ya sa a ƙarƙashin allura. "Ki nemo Goggonki, ita ce alto. Gobe da la'asar, nan. Kuma kada ki zo mini da fiyano."

Talata, 18 ga wata, 6:10 na yamma

Mun yi a bayan shagon, mu uku, a kan buhunan ƙyalle. Goggo ta manta rabin alto, Baba Tela ya tuna mata, suka yi ta musu a kan wani wuri da ta ce hawa ake yi shi ya ce sauka. Ta ce masa tun da can kunnensa ɗaya ne. Ya ce ita kuma tun da can bakinta biyu ne. Shi ne da gaskiya.

Da muka haɗa, sai na ji ramin. Bayan bugu na huɗu akwai wuri a buɗe, mu uku muna tafe a kansa babu komai a ƙasa. Na yi shekara uku ban ji rashin wannan wurin ba, domin hannun hagu na fiyano yana cike mini shi. Ban taɓa tambayar kaina ina masu bes suka koma ba. Su biyar ne. Uku suna nan suna bin muryar kowa, ɗaya ya rasu, na biyar yana gado na shida.

Baba Tela ya tsayar da ni sau bakwai. Wai ina gudu kamar an biyo ni.

Laraba, 19 ga wata, 4:30 na yamma

Ban rera masa komai ba yau. Na yanke masa farce, na hannun daman ma, da yake shi bai san an daina amfani da shi ba, yana ta tsiro. Na ce, "Baba, gobe Baba Tela zai zo." Ya ɗaga gira. Na so in ƙara wata magana, na shirya ta tun a hanya, sai mai rabon magani ta shigo da kekenta. Bayan ta fita ban sake samun bakin zaren ba.

Tsoro nake ji. In gobe ma babu, ban san abin da ya rage ba, kuma maganar ƙarshe da ta shiga tsakanina da shi za ta zama ta ran Asabar ɗin nan.

Shayi kofi ɗaya.

Alhamis, 20 ga wata, 9:00 na safe

Babbar nas ta yarda, minti goma, bayan likitoci sun gama zagaye, kuma ban da tafi.

Alhamis, 5:50 na yamma

Zan rubuta yadda aka yi bi da bi.

Ƙarfe biyu muka taru. Malama Mai Kati ta tsaya a ƙafar gado da takardarta. Mama a kan kujerar roba, ta zauna a tsakiya, kujerar ta mintsine ta, ba ta motsa ba. An ɗaga wa Baba kan gado. Baba Tela ya zo da riga mai guga, ya dube shi ya ce, "Kai, tashi haka nan, malalaci. An bar mini teno ni kaɗai ina shawagi." Gefen bakin Baba na hagu ya motsa.

Muka tsaya yadda ake tsayawa a da, ni a dama, Goggo a tsakiya, Baba Tela a hagu kusa da kunnensa. Baba Tela ya ba da murya a hanci, kowa ya kama tasa. Ya ƙirga.

"Hanya ta yi nisa, ƙafa ta gaji."

Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Ya shiga. Muryar ta tsufa, tana rawa, amma daidai wurin ta faɗa, ramin ya cike. Kuma ba gurnani ba ne. "Ƙafa ta gaji." Na ji ƙa, na ji fa, na ji komai. Layi na biyu ma ya bi mu, "kai ne ka san inda gida yake," gida ta ɗan murɗe a bakinsa amma gida ce. Na ga alƙalamin Malama Mai Kati yana gudu. Goggo tana rerawa hawaye na sauka, alto ɗinta ko gezau. Direban gado na biyar ya cire hula.

Mun gama baiti na ɗaya, mun gama na biyu. Ni ce na ɓata. A baiti na uku na kuskura na dube shi, na ga shi ma ni yake kallo, kafin in farga bakina ya koma inda ya saba. Na haye sabon karina, da ƙarfi, ni kaɗai, a gabansa. Goggo ta yi tuntuɓe ta tsaya. Baba Tela ya tsaya. 

Baba ya ɗaga hannun hagu ya ƙwanƙwasa ƙarfen gado sau biyu. Ya nuna ni da yatsa. Bakinsa ya yi ta kokawa, mun tsaya muna jira, babu wanda ya taimaka masa. Sai ya ce, da magana, ba da waƙa ba:

"A'a. Daga farko."

Mama ta ɗora hannu biyu a ka. Malama Mai Kati ta ce, "Me ya ce? Ku yi shiru, me ya ce?" alhali ta ji. Baba Tela ya ce, "Kin dai ji Shugaba."

Na ce, "To, Baba."

Babbar nas ta leƙo ta nuna agogo, minti goma sun cika. Ta dubi Baba, yatsansa har yanzu a kaina. Ta saki labulen ta tafi.

Muka koma daga farko.